Idon Da Ba A Yi Wa Allura Ba

Abin yakan fara ne da ido ɗaya, kuma babu zafi ko kaɗan. A ce saurayi ne ɗan shekara 22, lafiyarsa lau, ya tashi da safe ya ga kamar an shafa maiƙo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Ya murza idon, ya wanke fuska, abin yana nan. In ya dubi mutum sai ya ga hula da kunnuwa da bangon da ke bayansa, amma hanci da idanu sun shige cikin hazo. Kafin wata biyu ɗaya idon ma ya bi sahu. Ba ya cin karo da kujera, yana iya zagaya gida shi kaɗai, domin ganin gefe bai tafi ba. Karatu ne ya tafi, da tuƙi, da gane fuskar mahaifiyarsa kafin ta yi magana.

Wani likitan ido Bajamushe, Theodor Leber, ya bayyana wannan cuta a 1871, shi ya sa take ɗauke da sunansa, likitoci kuma suna taƙaita ta da LHON. Ba ta da yawa. A arewacin Turai, inda aka fi ƙirga ta, ana samun mutum ɗaya cikin 30,000 zuwa 50,000. Amma ta yi suna fiye da yawanta, saboda a kanta aka fara gwada wata dabara ta kai gyara cikin mitokondiriya, wato ƙananan injinan wutar da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, kuma gwajin ya ƙare da wata tambaya da har yau ba a gama warware ta ba.

Kusan kowane nau'in ƙwayar halitta a jikinmu yana da cibiya, inda aka adana kusan dukkan kundin gado, wato DNA, rabi daga uwa rabi daga uba. A wajen cibiyar akwai ƙananan injinan wuta, ɗaruruwa ko dubbai, masu ƙona abin da muka ci da iskar da muka shaƙa su fitar da ƙarfin da ƙwayar take aiki da shi. Su ne mitokondiriya. Abin mamakinsu shi ne suna da nasu ɗan littafin gadon daban: zobe ne mai haruffa 16,569, wanda aka kammala karanta shi a Cambridge a 1981, ƙwayoyin gado 37 ne kawai a cikinsa, 13 daga ciki ne ke yin furotin. Sauran furotin fiye da dubu da injin yake buƙata, daga cibiya ake rubuto su, a ƙera su a waje, a shigo da su ta ƙofa.

Wannan ɗan littafi daga uwa kaɗai ake gadonsa. Ƙwan mace yana zuwa da kwafe sama da 100,000, 'yan kaɗan ɗin da maniyyi ya kawo kuwa ana rusa su bayan shigar ciki. Mu da muka saba da lissafin sikila, AS ya auri AS, sai mun ajiye wancan lissafin a gefe. A nan uba ba shi da hannu. Namijin da cutar ta makantar ba zai ba ɗansa ko 'yarsa ba. 'Yar'uwarsa mai gani garau kuwa, in tana ɗauke da ita a dukkan kwafen, za ta miƙa wa duk abin da ta haifa. Likitan da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci kan baffa da goggo. Kawu yake tambaya, da 'ya'yan inna, da 'yan'uwan kakar wajen uwa.

A 1988 Douglas Wallace da abokan aikinsa a Jami'ar Emory da ke Atlanta suka gano inda gizo ke saƙar: harafi ɗaya tak, a gurbi na 11778, G ya koma A, cikin ƙwayar gadon da ake kira ND4. Wannan ne karon farko da aka danganta cutar gado ta ɗan Adam da sauyin harafi ɗaya a littafin mitokondiriya. Daga baya aka ƙara biyu, 3460 a ND1 da 14484 a ND6. Ukun nan su ne sanadin kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar, kuma 11778 shi ne mafi yawa, shi ne kuma mafi muni. Dukkansu suna taɓa sashe ɗaya ne na injin, mataki na farko a jerin matakan samar da wuta.

To me ya sa ido, alhali kuskuren yana cikin kowace ƙwaya ta jiki? Jijiyar gani dami ce ta zare kusan miliyan 1.2, kowane zare ya taso daga ƙwaya ɗaya a tantanin bayan ido ya nufi ƙwaƙwalwa. A mafi yawan tafiyarsa zaren yana da rufi na kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, wanda ke rage masa cin wuta. Amma a cikin idon kansa tsirara yake, domin rufin zai tare haske. Wannan ɗan tsakanin yana shan wuta ba kaɗan ba, kuma zaruruwan da suka fi siranta, masu ɗauko hoto daga tsakiyar gani, su ne ba su da rara. In janareto ya fara tari, kayan da ya fi jan wuta shi ke fara ɗaukewa.

Ba kowa mai ɗauke da kuskuren ke makancewa ba. Tsohon ƙiyasi ya ce kusan rabin maza da kashi 10 cikin 100 na mata, binciken baya-bayan nan kuma ya sauko da adadin ƙasa da haka. Ana kyautata zaton sinadarin mata na estirojin yana ba da kariya. Abin da aka tabbatar shi ne shan taba yana ƙara haɗarin ƙwarai, ana kuma zargin yawan shan giya. A gefe guda, ba sai da gado ba jijiyar gani ke faɗuwa ta wannan hanya. Maganin tarin fuka na ethambutol yana iya yi mata irin wannan lahani, shi ya sa ake cewa mai shan sa ya gaggauta faɗa in launuka suka fara dusashe masa. A Kyuba tsakanin 1991 da 1993, lokacin ƙarancin abinci bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, mutum kusan 50,000 suka kamu da ciwon jijiya mai kama da wannan, masu shan taba kuma suka fi shan wuya.

Kafin maganar gyaran gado, magani ɗaya ne a hannu, idebenone, ƙwaya da ake sha miligiram 900 a rana. Turai ta amince da shi a 2015 da sunan Raxone, duk da cewa gwajinsa na mutum 85 bai cimma babban ma'aunin da aka gindaya masa ba. Yana taimaka wa wasu. Bai rufe bakin kowa ba.

Ga masu gyaran gado, ido wuri ne da kowa ke so. Ƙarami ne, ɗan magani kaɗan ya ishe shi. Garkuwar jiki ba ta cika tsananta masa ba. Ana iya leƙa cikinsa a auna kaurin jijiya da na'ura. A Disamba 2017 Amurka ta amince da Luxturna, maganin wata makanta ta gado, wanda kamfaninsa ya sa wa kuɗi dala 850,000 ido biyu, sai kowa ya ce ai hanya ta buɗe. Sai dai Luxturna cibiya yake kai saƙonsa, kuma ƙwayar bairos da ake aika saƙon da ita, AAV, cibiya ta sani. Ba ta san hanyar shiga mitokondiriya ba, wanda ke da bango biyu kuma ba ya karɓar DNA daga waje cikin sauƙi. Ko almakashin CRISPR mai yanka DNA, da ya cika duniya da labari, a bakin wannan ƙofa ya tsaya, domin ɗan jagoran da ke nuna masa inda zai yanka ba ya iya shiga.

Dabarar da aka yi ta zagaye ce. Tunda injin ya saba karɓar furotin dubu daga waje, me zai hana a ƙara masa ɗaya? A ɗauki lafiyayyen ND4, a kai shi cibiya, a ƙera furotin ɗin a waje, a manna masa adireshi, ya shiga ta ƙofar da sauran ke bi. Faɗin ya fi yin sauƙi. Littattafan biyu ba karin harshe ɗaya suke yi ba: haruffa uku TGA a wajen mitokondiriya suna nufin wani tubali na furotin, a wajen cibiya kuwa suna nufin "tsaya nan". In aka kai rubutun yadda yake, za a yanke karatun tun ba a je ko'ina ba. Dole a sake rubuta shi da karin cibiya. John Guy a Florida ya nuna a 2002 cewa hakan na iya farfaɗo da ƙwayoyin masu cutar a ɗakin gwaji, Marisol Corral-Debrinski kuma a Paris ta ƙara gyara, ta aro adireshin daga wata ƙwayar gado mai suna COX10, yadda za a riƙa ƙera furotin ɗin dab da bakin injin. Wannan yana da muhimmanci, domin ND4 furotin ne mai gudun ruwa, in ya daɗe a waje sai ya dunƙule. Akwai masanan da tun a lokacin suke shakkar ko isasshensa yana shiga har ya zauna a gurbinsa, kuma shakkar ba ta mutu ba.

Wurare uku suka kai abin ga mutane. A Wuhan ta ƙasar Sin, Bin Li na asibitin Tongji ya fara da mutum 9 a 2011. A Miami, ayarin Guy ya yi wa mutum 28, a ƙarshe suka ce maganin ba shi da haɗari sosai, amfaninsa kuwa in ma akwai kaɗan ne, kuma bai ƙaru da ƙarin yawan maganin ba. Na uku shi ne kamfanin GenSight na Paris, wanda aka kafa a 2012, da maganinsa lenadogene nolparvovec, sunan kasuwa Lumevoq. Shi ne ya yi manyan gwaje-gwajen, kuma a nan allura ta tono garma.

Ga yadda aka tsara. Gwaji biyu ne, RESCUE mai mutum 39 waɗanda ganinsu bai wuce wata shida da fara tafiya ba, da REVERSAL mai mutum 37 waɗanda suke tsakanin wata shida da shekara. Kowane mutum ido ɗaya ake yi wa allurar gaske. A ɗiga maganin kashe zafi, a buɗe fatar idon da ɗan ƙarfe, a soka siririyar allura ta farin ido zuwa cikin ruwan da ke tsakiya, a zuba abin da bai kai ɗigo biyu ba, mai ɗauke da kwafe biliyan 90. Ɗaya idon ma a yi masa duk wannan hidima, amma sai a danna masa bakin sirinji marar allura, don kada mai idon ya san wanne ne wanne. A takarda tsarin ba shi da makusa: mutum ɗaya, gado ɗaya, abinci ɗaya, taba ɗaya in yana sha. Duk bambancin da aka gani tsakanin idanun biyu, aikin magani ne.

Ana auna gani da allon haruffa, biyar a kowane layi, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Bayan mako 96, a REVERSAL, idanun da aka yi wa allura sun ƙaru da haruffa kusan 15, wato layi uku. Idanun da aka danna wa sirinji kawai sun ƙaru da 13. Mutum 29 cikin 37 ganinsu ya ƙaru a ido biyun. Bisa ƙa'idar da aka rubuta tun farko, gwajin ya faɗi, tunda babu bambanci. RESCUE ma ya faɗi, da ƙarin wani abu mai ɗaure kai: waɗanda aka yi wa da wuri allurar ba ta hana ganinsu ci gaba da zubewa ba. Sai da ya kai ƙasa sannan ya ɗan taso, a ido biyun tare, kuma a matsakaici bai dawo inda yake ranar allurar ba.

Fassara biyu ce, kowacce da masu ita. Ta farko: maganin ya yi aiki har ya tsallaka. Jijiyoyin ido biyu suna haɗuwa a wata mararraba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Masu binciken, cikinsu har da Patrick Yu-Wai-Man na Cambridge da Nancy Newman ta Emory, sun yi wa birai allura a ido ɗaya, bayan wata uku suka sami DNA ɗin maganin a mararrabar da kuma cikin ɗaya idon. Sun wallafa wannan a mujallar Science Translational Medicine a Disamba 2020. Suka kuma ce a dubi tarihin cutar: mai 11778 da ta kama yana da shekara 15 ko sama, kusan ɗaya cikin goma ne ke samun sauƙi na a-zo-a-gani da kansa, waɗannan kuwa sun zarce haka nesa.

Ta biyu: ba abin da ya tsallaka wanda ya isa ya yi aiki, abin da aka gani halin cutar ne da halin gwaji. Samun ɓurɓushin DNA a idon biri ba shi ne samun furotin mai aiki a jijiyar mutum ba. Sannan in ɗan abin da ya tsallaka ya yi aiki daidai da cikakkiyar allura, me ya sa yawan magani ba ya kawo bambanci? Akwai kuma koyo. Wanda tsakiyar ganinsa ta mutu, a hankali yakan gane yadda zai karkata kai ya kalli abu da gefen ido, kuma wanda ake zaunar da shi gaban allo ɗaya duk bayan 'yan makonni har shekara biyu zai fi iya wannan fiye da wanda likita ya gani sau biyu ya sallama. Tsofaffin bayanan da ake kwatantawa da su daga fayilolin asibiti aka tsinto su, ƙasashe daban, alluna daban, shekaru daban. Haka kuma in aka auna ƙaruwa daga ranar da gani ya fi lalacewa, lissafin dole ya yi kyau, domin daga ƙasan rijiya ba inda za a je sai sama.

An yi na uku, REFLECT, mutum 98. Kowa an yi masa allurar gaske a idon da ya fara lalacewa, ido na biyu kuma rabi suka sami magani rabi ruwan bogi. Bayan shekara ɗaya da rabi, bambancin ya karkata wajen magani amma bai kai a kafa hujja da shi ba. An gudu ba a tsira ba, domin a nan ma babu mutum ɗaya da ba a sa wa maganin a jiki ba. An bi mutum 62 daga gwaje-gwajen farko har shekara biyar, ƙaruwar da suka samu ta dore, babbar illar da aka gani kuma kumburin cikin ido ne, wanda galibi maganin kumburi yake kwantarwa. Kamfanin ya nemi lasisi a hukumar magunguna ta Turai a Satumba 2020, ya yi fama da matsalar haɗa maganin a masana'anta, sannan a Afrilu 2023 ya janye takardar, bayan ya fahimci hukumar ba ta gamsu da hujjar ba. Kafin nan Faransa ta bari a yi wa wasu ta hanyar izini na musamman, a kan yuro 700,000 ido biyu.

Ni dai a nawa ganin, zai yi wuya a ce maganin bai yi komai ba, ganin yadda gwaji uku suka nuna hanya ɗaya kuma abin ya dore. Amma hukumar Turai ba ta yi zalunci ba. Duk wanda ya ce ya san girman amfanin, ya faɗi abin da alƙaluman ba su faɗa ba. Kuma a riƙa kiyaye harshe: layi uku a allo abu ne babba ga wanda da yatsu kawai yake ƙirgawa a gaban fuskarsa, yana iya zama bambanci tsakanin gane lambar mota da rashin ganewa, amma matsakaicin waɗannan mutane har yanzu ba ya karanta jarida ba tare da na'urar ƙara girma ba. Kanun labaran da ke cewa "makafi sun warke" ba su yi wa kowa adalci ba, balle iyalan da ke jira.

Ana neman wasu hanyoyin. A 2020 ɗakunan gwajin David Liu da Joseph Mougous da Vamsi Mootha a Amurka suka ɗauko wani dafi da wata bakteriya ke yaƙar 'yan'uwanta da shi, suka raba shi biyu, suka mayar da shi alƙalamin da ke sauya harafi a cikin mitokondiriya ba tare da jagoran CRISPR ba. Shi C yake mayarwa T. A 2022 ayarin Jin-Soo Kim a Koriya ta Kudu suka fito da mai mayar da A zuwa G, wanda shi ne ainihin gyaran da 11778 ke buƙata. Wannan gyara ne a tushe, ba zagaye ba, sai dai har yanzu a ɗakin gwaji da jikin dabbobi yake, kuma kowace ƙwaya kwafe ɗaruruwa ko dubbai gare ta da za a bi. Wata dabarar, ta yanke gurɓatattun kwafe a bar lafiyayyu su hayayyafa, ta yi aiki a jikin ɓeraye a 2018, amma ba ta da amfani sosai a nan, tunda yawancin masu cutar Leber duk kwafensu gurɓatattu ne, in aka yanke ba abin da zai rage. A Kwalejin Trinity ta Dublin kuma ana gwada aro wata ƙwayar gado daga yis, wadda furotin ɗinta guda ɗaya ke yin aikin dukkan matakin farko, ko da wane harafi ne ya lalace.

Birtaniya ta bi ta wata ƙofa daban, ta hana gadon tun daga ƙwai. A 2015 majalisarta ta halatta a ɗauki cibiyar ƙwan uwa a sa cikin ƙwan wata mace mai lafiyayyun mitokondiriya, kuma a Yuli 2025 likitocin Newcastle suka sanar da haihuwar jarirai 8 ta wannan hanya. Ostireliya ta yi irin dokar a 2022. Wannan magana ce mai nauyi ta nasaba da addini wadda ke buƙatar nata zaman, kuma ba ta da abin da za ta yi wa saurayin da idonsa ya riga ya fara hazo.

Shi lokaci ne ba ya wajensa. Zaren jijiyar gani in ya mutu ba ya tsirowa, kuma cikin shekarar farko ake asarar mafi yawansa. Duk maganin gado, komai kyansa, ƙwayoyin da suka rage da rai zai iya taimaka wa. Ga shi kuma cutar tana yawan ɓoyewa a farko: a ce kumburin jijiya ne, a ba da maganin kumburi, a yi hoton ƙwaƙwalwa, watanni su wuce kafin wani ya tuna ya tambayi labarin kawu ya tura jini gwajin gado.

GenSight ya sanar da shirin sabon gwaji mai suna RECOVER, wanda zai gyara kuskuren farko: wasu a yi masu allura a ido biyu, wasu kuma kada maganin ya taɓa jikinsu sam. Ita ce kaɗai hanyar da za ta raba gardamar. Amma ma'anarta ita ce a sami matasa da dama, kowanne yana cikin 'yan watannin da jijiyarsa ke da sauran rai, ya san akwai maganin da wataƙila yana aiki, ya sa hannu a takarda ya yarda a yi ƙuri'a, alhali yana iya zama shi ne za a danna wa sirinji marar allura a ido biyun.